Kuɗin Kunnen Jemage: Yadda Ake Sayar wa Mai Lasifika Sautin da Ba Zai Taɓa Ji Ba

A manyan shagunan kayan lantarki, daga Farm Centre a Kano har Banex a Abuja, akwai wani ɗan tambari mai ruwan zinare da baƙi da ake gani a kusurwar kwalin lasifika, an rubuta masa Hi-Res Audio. Mai saye ba ya tambayar ma'anarsa, gudun kada a ce bai waye ba. Yaron shago ma sau da yawa bai sani ba. Abin da ya sani shi ne kwalin da ke ɗauke da tambarin ya fi tsada. Sai a yi ciniki, a kai lasifika gida, a ɗora ta a kan kanta kusa da talabijin. Maigida ya shiga manhajar waƙoƙi ya kunna zaɓin Lossless, ya haɗa wayarsa da lasifikar ta Bluetooth, ya jingina da kujera yana gyaɗa kai, yana cewa lalle kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ba ta biya ba. Sautin da ya biya kuɗinsa ya tsaya a cikin wayar, bai tsallaka zuwa lasifikar ba. Ko da ya tsallaka, lasifikar ba za ta iya fitar da shi ba. Ko da ta fitar, kunnen ɗan Adam ba zai kama mafi yawansa ba. Wannan ciniki ne da aka gina a kan lambobin da mai saye bai fahimta ba, kuma ilimin da zai rushe shi bai fi na zama ɗaya ba.

Abin da lambobin ke faɗa

Sauti kaɗawar iska ne. Domin a adana shi a na'ura, ana auna wannan kaɗawa sau da yawa a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, yana yin awo sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16, a kunnen dama da na hagu. In aka ninka waɗannan, za a samu kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne ma'aunin da ake kira ingancin CD.

Ba da ka aka zaɓi waɗannan lambobi ba. Akwai ƙa'idar lissafi mai ɗauke da sunayen Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta tabbatar da cewa in ana so a kama sauti ba tare da an rasa komai ba, ya isa a auna shi fiye da ninki biyu na kaɗawarsa mafi sauri. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Awo 44,100 ya rufe wannan duka, har da rara. Kuma iyakar sama tana raguwa da shekaru: mutumin da ya ba arba'in baya da wuya ya ji abin da ya haura 16,000 ko 17,000. Saboda haka fayil ɗin da ake tallata shi da awo 192,000 a daƙiƙa yana ɗauke da sautin da ya kai kaɗawa 96,000. Wannan yankin jemage ne. Ko kare, duk da kaifin jinsa, bai kai can ba.

Haka batun bit. Bit 16 yana ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi. Bit 24 yana ba da kusan 144. Ɗaki mai shiru sosai yana da ƙarar da ta kai kusan desibel 30 tun kafin a kunna komai, kuma kunne yana fara jin zafi wajen desibel 120 zuwa 130. Ke nan tazarar CD kaɗai ta isa ta ɗauki mutum daga shirun dare zuwa ƙarar da za ta cutar da shi. Wannan a ɗaki mai shiru ke nan. A falon da fanka ke juyawa, na'urar sanyaya ɗaki na huci, janaretan maƙwabci na ruri a bayan katanga, yara suna kai da komo, rabin abin da CD ke iya bayarwa ma ya nutse a cikin hayaniya.

Rariyar da ke tsakanin waya da lasifika

Tun farkon shekarun 1990 injiniyoyi suka gano yadda za a rage nauyin fayil ta hanyar zubar da sassan sautin da kunne ba ya lura da su, kamar siririn amo da ya zo daidai lokacin da ganga ta buga. A cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus aka yi mafi yawan aikin da ya haifar da MP3, inda Karlheinz Brandenburg ya yi fice. Daga baya aka samu AAC a 1997, wanda Apple Music ke amfani da shi a kilobit 256, da Ogg Vorbis, wanda Spotify ke kaiwa kilobit 320 ga masu biyan kuɗi. Waɗannan duka matsewa ce mai asara: abin da aka zubar ba ya dawowa. A gefe guda akwai matsewa marar asara, irin su FLAC da ya fito a 2001 da ALAC na Apple, waɗanda ke naɗe fayil kamar tabarma, in aka warware shi ya dawo cif yadda yake.

To, a nan gizo ke saƙar. Bluetooth siririyar hanya ce. Duk abin da zai bi ta cikinta sai waya ta sake matse shi. Tsarin matsewar da aka wajabta wa kowace na'urar sauti ta Bluetooth shi ne SBC, wanda a al'ada iyakarsa wajen kilobit 328 ce, wato bai kai rubu'in CD ba. Wayar iPhone ba ta san komai ba sai SBC da AAC. Wasu wayoyin Android suna da aptX, mai kilobit 352, ko aptX HD, mai 576, ko LDAC na Sony, wanda a mafi kyawun yanayi yake kaiwa 990. Dukkansu suna zubar da wani abu. Akwai sabon tsari da ake kira aptX Lossless, amma sai wayar da lasifikar duka suna da shi, kuma iyakarsa ingancin CD ce.

Abin da ya fi ban takaici shi ne LDAC yana cikin tsare-tsaren da aka ba wa tambarin Hi-Res Audio Wireless. Fayil mai bit 24 da awo 96,000 yana buƙatar kilobit 4,608 a daƙiƙa. LDAC yana wucewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan, in babu bango ko tazara tsakani. Da zarar hanya ta yi cunkoso sai ya sauka zuwa 660 ko 330 ba tare da ya yi sallama ba. An ɗauki rariya an buga mata hatimin tulu.

Kamfanonin ba su ɓoye wannan ba, sun dai ajiye shi inda ba kowa ke leƙawa ba. Lokacin da Apple Music ya kawo waƙoƙi marasa asara a watan Yunin 2021, kamfanin da kansa ya bayyana cewa AirPods ɗinsa ba sa karɓar su ta Bluetooth. Spotify ya yi alkawarin irin wannan a watan Fabrairun 2021, bai cika ba sai a watan Satumbar 2025, kuma shi ma ya shawarci masu saurare su yi amfani da igiya ko Wi-Fi. Gaskiyar tana cikin shafin taimako da ƙananan haruffa, tambarin zinare kuwa yana gaban kwali. Mai talla ya san wanne daga cikinsu ido ke fara gani.

In an kauce wa Bluetooth fa?

Mai kare wannan kasuwa zai ce ai akwai lasifikun Wi-Fi, irin su Sonos da HomePod da sauransu. Gaskiya ne, kuma tsarinsu ya fi. A Spotify Connect ko Google Cast, waya rimot ce kawai; lasifikar ce ke jawo waƙar kai tsaye daga intanet, shi ya sa kira ba ya katse ta, kuma mai wayar zai iya fita tsakar gida waƙa na ci gaba. Ta wannan hanya fayil marar asara yana iya isowa cikakke.

Sai dai isowa daban, fitowa daban. Yawancin waɗannan lasifiku akwati ɗaya ne wanda bai fi girman tulun shayi ba. Sitiriyo, wato rabewar sauti zuwa dama da hagu wanda ke sa mai saurare ya ji kalangu a nan, muryar mawaƙi a tsakiya, 'yan amshi a can, yana buƙatar lasifiku biyu da tazara a tsakaninsu. Akwati ɗaya kwaikwayo yake yi. Ƙaramin bakin lasifika ba ya iya tura iskar da amon babbar ganga ke buƙata, don haka akwai wata 'yar kwamfuta a ciki da ke gyara sautin, tana ƙara nan tana rage can, domin kada akwatin ya yi kuka in an ƙure shi. Canjin da wannan gyara ke yi wa waƙa ya ninka bambancin da ke tsakanin AAC da FLAC nesa ba kusa ba. Bayan haka ga ɗakin kansa: tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, sauti yana karo da su yana dawowa. Shimfiɗa kafet ɗaya da rataya labule mai kauri suna canza abin da kunne ke ji fiye da duk wani zaɓi da ke cikin manhaja.

Wanda ya bar waɗannan ya koma yana jayayya a kan bit 16 da bit 24, ya bar jaki yana dukan taiki.

An gwada, an gani

Hanyar raba gardama a nan sananniya ce: a kunna wa mutum nau'i biyu ba tare da ya san wanne ne wanne ba, a daidaita ƙararsu, a maimaita sau da yawa. Daidaita ƙara yana da muhimmanci, domin kunne yana ɗaukar wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, kuma tsofaffin masu sayar da kayan sauti sun daɗe da sanin wannan.

A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa sakamakon irin wannan gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun kunna faifai masu babban ma'auni, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an sauke su zuwa ma'aunin CD. A gwaji sama da 500, masu saurare sun dace a kusan rabi, daidai da abin da canki-canka zai bayar. An soki tsarin wannan bincike, kuma adalci ne a faɗi haka. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara binciken da aka yi a kan batun ya auna su tare, ya samu cewa akwai ɗan bambanci da ake iya ganewa: masu saurare sun dace a kusan kashi 52 cikin 100, kuma waɗanda aka horar sun fi haka. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu tallar Hi-Res ke da ita: kashi biyu a kan canki-canka, a ɗakin gwaji, da kayan aiki na ƙwararru. Daga nan zuwa akwatin roba a kan kanta akwai tafiya mai nisa.

Tarihin kasuwar ma shaida ne. A 2014 mawaƙin nan Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 daga hannun jama'a a Kickstarter domin ƙera Pono, na'urar da aka ce za ta dawo wa waƙa da ruhinta. Zuwa 2017 an rufe babinta. Sai MQA, tsarin da Bob Stuart na kamfanin Meridian a Ingila ya ƙaddamar a 2014, aka yi ta tallarsa da cewa shi ne sautin situdiyo na asali. Tidal ya rungume shi, masu ƙera na'urori suka riƙa biyan lasisi suna ɗora kuɗin a kan mai saye, alhali injiniyoyi masu zaman kansu suna nuna cewa tsarin yana da asara. A 2023 kamfanin MQA ya durƙushe aka sayar da kadarorinsa, a 2024 Tidal ya watsar da shi ya koma FLAC, wanda kyauta ne tun ran gini. Waɗanda suka ƙara kuɗi don wata 'yar fitila ta kama a na'urarsu ta ce musu waƙar ta asali ce, babu wanda ya mayar musu da ko sisi.

Wanda ke biyan kuɗin

Ga mai zama a ƙasar da intanet ɗin gida ba shi da iyaka, wannan wauta ce mai arha. Ga mai sayen data gigabait-gigabait, hasara ce da ake iya ƙirgawa. Lissafin Apple da kansa ya nuna cewa waƙar minti uku tana cin kusan megabait 6 a AAC, 36 a marar asara, 145 a Hi-Res. Wato waƙa ɗaya a babban ma'auni tana cin abin da waƙoƙi 24 za su ci a AAC. Kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Najeriya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Ma'aikacin da ya bar zaɓin Hi-Res a kunne yana saurare ta Bluetooth yana biyan kuɗin ruwan da wayarsa za ta zubar a rariya kafin ya isa lasifika.

Akwai kuma hasarar da ba a rubutawa a kwali. Lasifikar igiya da aka saya shekara talatin da suka wuce tana aiki yau in dai ba ta ƙone ba. Lasifikar Wi-Fi kuwa ranta yana hannun manhaja da uwar garken kamfani. Google ya daina ƙera Chromecast Audio a 2019. A watan Janairun 2020 Sonos ya sanar da daina sabunta tsofaffin na'urorinsa, har sai da ƙorafin masu saye ya sa shugabansa ya ba da haƙuri. A watan Mayun 2024 kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja da ta birkita wa jama'a lasifikunsu na tsawon watanni, rikicin da ya ƙare da saukar shugabansa Patrick Spence a Janairun 2025. Tambayar da ta kamata mai saye ya yi a shago ita ce ko lasifikar tana da ƙofar igiya, domin ranar da kamfani ya juya mata baya, wannan ƙofa ce za ta hana ta zama kayan ado.

Inda asarar take da gaske

Duk wannan jayayya a kan ƙarshen hanya ne, alhali ɓarnar da ta fi girma tana faruwa tun a tushe. Babu tsarin da ke gyara waƙar da aka lalata a wurin haɗawa. Shekaru da yawa kamfanonin waƙa a Turai da Amurka sun yi ta gasar ƙara, suna danne waƙa har laushi da ƙarfi su zama ɗaya. A 2008 masoya ƙungiyar Metallica suka gano cewa sabon faifansu Death Magnetic ya fi daɗin ji a cikin wasan bidiyo na Guitar Hero fiye da a CD, saboda na wasan ba a danne shi haka ba. CD ɗin marar asara ne, amma abin da aka zuba masa ya riga ya ƙone.

Waƙar Hausa tana fama da nata nau'in wannan ciwo, kuma ya fi tsanani. Waƙa takan fito daga situdiyo a MP3, a ɗora ta a YouTube ya sake matse ta, wani ya zazzago ta daga can ya mayar da ita MP3, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya rage mata nauyi don ta shiga memori, daga nan wani ya ɗauki wannan kwafi ya ɗora a dandalin saurare. Kowane mataki yana zubar da wani abu, kamar takardar da ake yi wa hoto daga hoto har rubutu ya dushe. In aka mayar da irin wannan fayil FLAC, nauyinsa ne zai ƙaru, abin da ya zube ya zube.

Tsofaffin waƙoƙi sun fi shiga haɗari. Abin da ya rage na muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo, da Barmani Coge, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, an ɗauke shi ne a faifan garmaho da zaren rikoda da kaset, wani a gidajen rediyo, wani a wurin biki. Zare yana lalacewa da zafi da laima, injinan da ke karanta shi kuma an daina ƙera su. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi shelar gargaɗi a kan wannan. A nan ne bit 24 da awo 96,000 suke da cikakken amfani: su ne ma'aunin da masu adana tarihi ke so a kwashe tsohon zare da shi, domin a samu sararin gyara ba tare da an ƙara masa rauni ba. Haka a situdiyo, inda ake haɗa muryoyi da kayan kiɗa da yawa. Babban ma'auni kayan aikin mai ɗauka ne da mai adanawa. Kasuwa ce ta ɗauko shi ta manna a kwalin mai saurare.

Saboda haka babu laifi a kan FLAC. Duk mawaƙin da ba ya karɓar kwafin waƙarsa marar asara daga situdiyo ya ajiye, yana wasa da dukiyar 'ya'yansa. Mai saurare ma, in yana da Wi-Fi marar iyaka da lasifiku biyu na kirki, ingancin CD ya ishe shi har abada, kuma yana kawar da matsewa ɗaya daga cikin hanya. Wanda Bluetooth ce hanyarsa, ya tsaya a kilobit 256 ko 320, ya sauke waƙoƙinsa sau ɗaya ya huta da sayen data. Rarar kuɗin ta tafi ga lasifika ta biyu, ko kafet, ko igiyar naira dubu kaɗan. Wanda kuma yake da yaƙinin kunnensa ya fi na kowa, ya sa wani ya riƙe wayar yana canza masa ba tare da yana gani ba, sau ashirin, ya rubuta sau nawa ya dace.

Masu hannu da shuni da ke zuba dubban ɗaruruwa a kan tambarin zinare su ne waɗanda za su iya ɗaukar nauyin kwashe zaren da ke jibge a ma'ajiyar gidajen rediyo da akwatunan iyalan makaɗa. Kuɗin lasifika ɗaya mai tsada zai sayi injin kaset mai kyau da na'urar mayar da sauti lamba, ya biya matashin da zai zauna ya yi aikin. Lasifikar da ke kan kanta za a sake ƙera wadda ta fi ta baɗi. Zaren da ya manne ya ruɓe a damina mai zuwa kuwa, babu kamfanin da ke da kwafinsa.